Takobin da Ya Dawo daga Kwatarkwashi

Baban Ummi:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta gaban manya da masana.

Baffanmu ya rasu a watan jiya, Allah ya ji ƙansa. Da aka zo fitar da kayan ɗakinsa, sai ga takobi a bayan adaka, naɗe cikin tsohon gwado. Tun ina yaro nake jin labarinsa, amma ban taɓa sa shi a hannu ba sai ranar. Miƙaƙƙe ne samɓal, kaifi biyu, in na kafa shi a ƙasa yana kawo mini ƙugu. Kuben ya bushe ya tsattsage, hamilar ta tsinke an ƙulle ta da zare. Da na zare shi sai na ga giɓi uku a kaifi ɗaya, da wani zane guda biyu kamar jinjirin wata a jikin ruwan.

Na kakan mahaifinmu ne. Yana cikin yaran wani hakimi da suka raka Sarkin Kano Alu zuwa Sakkwato a farkon 1903. Suna can Nasara suka ci Kano. A hanyar dawowa ya bi Waziri Ahmadu har Kwatarkwashi, aka yi abin da aka yi, Waziri ya yi shahada, shi kuwa ya iso gida a ƙasa, ba doki, yana ɗingishi. Ya yi shekara kusan hamsin bayan haka yana noma, bai sake ɗora ƙafa a likkafa ba ko da ranar hawan sallah.

A danginmu akwai 'yan wani ɗaki da nasu kakan ya kwanta a can. Tun muna yara, in faɗa ya haɗa mu, gorin da suke mana ke nan: "jikokin wanda ya dawo." To ina tambaya tsakani da Allah: me ke cikin zuciyar mutumin da ya zare takobi, ya saki linzami, ya nufi bakin bindiga? Shi kuma wanda ya je ya dawo da ransa, gazawa ya yi?

Sadaukin Gusau:
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baffa. Yaya, ka yi haƙuri, ni gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Kwatarkwashi nan kusa da mu take, duk lokacin da zan tafi Funtuwa sai na wuce ta gindin dutsen nan, kuma ban taɓa wucewa ban tuna da mutanen nan ba.

Sun san abin da ke gabansu. Labarin Kano ya riga ya iske su, sun ji an fasa ƙofar gari da igwa. Sarki da kansa ya sulale cikin dare ya bar su. Wambai Abbas ya ware nasa mutanen ya kama hanyar gida. Duk da haka Waziri ya ce a ja daga. Wanda ya bi shi a wannan hali ya riga ya yi sallama da duniya, rawanin kansa shi ne likkafaninsa. Shi ya sa har gobe ake ce wa Waziri Mai Shahada. Namijin gaske, ranar da aka ce ga ta nan, ba ya lissafin komawa gida. Ban zagi kakanku ba, amma ba zan jera shi sahu ɗaya da wanda ya kwanta a fage ba.

Ɗan Maƙera:
Alhaji, kafin a shiga zuciyar mutum bari in ce wani abu a kan ƙarfen, don a gindin uwar maƙera na tashi. Zanen nan mai kama da jinjirin wata za ka gan shi a tsofaffin takubba da yawa. Ruwan irin waɗannan galibi ba a nan aka ƙera su ba. Daga Solingen ta ƙasar Jamus ake kawo su, su ƙetaro hamada a kan raƙuma, maƙeranmu su sa mariƙi, dukawa su ɗinka kube. Barth, Bajamushen da ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta ruwan takobi wajen dubu 50 ke shigowa a shekara. Daga baya maƙeran gida ma suka riƙa buga irin wannan tambari a nasu, saboda haka zanen kaɗai ba ya tabbatar da asali.

Duba bakinsa, za ka ga ba shi da tsini sosai. Takobinmu na sara ne, suka aikin mashi ce. Mahayi da mashi yake fara shiga. Sai an cakuɗe, mashi ya karye ko ya tafi da wani, sannan hannu ya koma kube. Kuma wanda ya iya ba ya tare sara da kaifi, garkuwa ce mai wannan aiki. In ka ga giɓi, kaifin ya ci karo da ƙarfe ne, ko kwalkwali, ko sulke, ko wani takobin. Lifidi ba ya yin giɓi, auduga ce. Mai takobin nan ya shiga har inda ake jin hucin juna. Matsoraci ba ya kai can.

Malamar Tarihi:
Baban Ummi, sannu da haƙuri. Bari in kawo abin da aka rubuta, don kada mu yi ta yanke hukunci a duhu.

Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Karon Kwatarkwashi a ƙarshen wannan watan aka yi shi. Wanda Kanawa suka haɗu da shi wani Laftana ne, Wallace Wright, tare da hafsa ɗaya da sojoji 44. Turawa sun ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kawo musu hari har tsawon awa biyu. Lissafin nasu ne, kuma a kansa aka ba Wright lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila, don haka a karɓe shi da lura. Amma ga abin da nake so Sadauki ya duba: takardar yabon da kanta ta ce bayan Kanawa sun yi hasara mai yawa, sun ja da baya ne cikin tsari. Wato ba tarwatsewa aka yi tun farko kowa ya yi ta kansa ba. Awa biyu ana komawa, ana dawowa, ana sake komawa. Wanda ya fita daga wannan da rai, bai fita don ya ƙi shiga ba.

Kuma ban yarda cewa mutuwa suka je nema ba. Nasara suka je nema, da dabarar da suka gada. Tun zamanin Sarkin Kano Kanajeji, wajen 1400, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Shekara ɗari biyar ke nan ana yaƙi a kan ƙa'ida ɗaya: 'yan lifidi su dunƙule su fasa sahu, barade su bi ta ɓarakar, dakaru su ƙarasa. Bindigar da suka sani ta toka ce. Ka jure harbin farko, kafin mai ita ya zuba albarushi ya danna, doki ya riga ya hau kansa. A wannan ilimin, wanda ya fi saurin rufe tazara shi ne mai hankali, mai tsayawa nesa shi ne ke kashe kansa. Abin da suka tarar shi ne sojoji sun yi sahu mai kusurwa huɗu, ba baya ba gefe, da bindigar da ake ɗura wa harsashi ta baya cikin ƙiftawar ido. Tazarar da suka saba rufewa sai ta ƙi rufuwa.

Wani abin da ke taɓa ni kullum: a Tabkin Kwatto, 1804, jama'ar Shehu su ne 'yan baka masu dawaki kaɗan, suka dake wuri ɗaya har dawakin Gobir suka karye a kansu. Bayan shekara 99, jikokinsu ne a kan dawaki.

Injiniyan Kaduna:
Malama, na gode da wannan, amma ni a nan nake da ja. Karo na farko a ce ba a sani ba. Na biyu fa? Na biyar fa? Bida ta faɗi tun 1897 ta wannan hanya, labari ya kai ko'ina. Shugaban da ya ga mutanensa na zuba kamar ganyen bishiya ya ce a sake komawa, wannan ba jarumta ba ce a wurina, ganganci ne da rayukan bayin Allah. Hausawa suka ce yaƙi ɗan zamba ne. Ina zambar take a nan? Me ya hana farmakin dare, ko kwanton ɓauna, ko tare rijiyoyi, ko kama 'yan dako?

Ku duba inda aka ba Turawa wuya. A Burmi ta ƙasar Gombe, 13 ga Mayu, 1903, mutane suka tsaya bayan ganuwa da kibau, Kyaftin Sword ya janye da raunuka masu yawa. A Satiru kusa da Sakkwato, Fabrairun 1906, talakawa da gatura da fartanya suka afka wa soja kafin su gama jera sahu, suka kashe Turawa uku, har suka ƙwace bindigar Maksim. Ba sarauta, ba sulke, ba kirari. Ni ina zargin kirarin nan ma. Mutum na kan doki, maroƙi na bayansa yana zuga shi da sunan ubansa da kakansa, ana buga kuge, to ko ya ga halaka ƙiri-ƙiri kunya ba za ta bar shi ya juya ba. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida, su kuwa sun ɗauko kunyar gida sun kai ta daji.

Sadaukin Gusau:
Injiniya, ƙarasa labarin Satiru mana. Bayan wata guda ba a dawo an shafe garin daga doron ƙasa ba? Burmi ma an dawo. Tunda ƙarshen duka ɗaya ne, gara wanda ya tari mutuwarsa da fuska a kan dokinsa da rana tsaka. Kana zaune a inuwa bayan shekara ɗari da ashirin kana koya wa Waziri yaƙi.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Sadauki, ɗana, sassauta. Injiniya, kai ma kalmar ganganci ta yi nauyi a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya.

Mutanen nan Musulmi ne, da yawansu almajirai ne, don haka a auna su da ma'aunin da suka san shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kada mu yi fatan haɗuwa da abokan gaba, mu roƙi Allah lafiya, amma in an haɗu a yi haƙuri. Ka ga ba ɗokin mutuwa aka koya mana ba, dakewa aka koya mana. Suratul Anfal ta yi kashedi mai tsanani a kan juya baya ranar gamo, amma a ayar nan ɗin ta cire mutum biyu: mai karkacewa don dabarar yaƙi, da mai komawa wajen rundunarsa. A cikin malaman Malikiyya ma akwai waɗanda suka ce wajen halatta janyewa ƙarfi da makami ake dubawa, ba yawan kawuna kaɗai ba.

Ku tuna Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira. Zaidu ya ɗauki tuta ya yi shahada, Ja'afar ya ɗauka ya yi shahada, Abdullahi ɗan Rawaha ya ɗauka ya yi shahada. Khalid ɗan Walid ya karɓa. Shi da kansa ya ce takubba tara ne suka karye a hannunsa ranar. Me ya yi bayan haka? Ya janye rundunar ya dawo da ita Madina. Mutane suka tare su suna ce musu magudana, Annabi ya ce a'a, masu sake kai hari ne in Allah ya so. Wannan Khalid ɗin, Takobin Allah, a kan shimfiɗarsa ya rasu. Sadauki, za ka cire shi daga sahun jarumai?

Injiniya, ayar da ta hana jefa kai cikin halaka ma, Abu Ayyub al-Ansari ya bayyana cewa ta sauka ne a kan masu son barin fage su koma kula da dukiyarsu, ba a kan mai kutsawa cikin abokan gaba ba. Don haka ba a jifan Waziri da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hadisin mutum ukun da za a fara yi wa hisabi. Ɗayansu an kashe shi a fagen fama, amma aka ce masa ka yi yaƙi ne don a ce kai jarumi ne, kuma an faɗa. Ka ga kwanciya a fage ba ita ce shaidar ba. Niyya ce, ita kuwa ba wanda ya leƙa ta, ba ta wanda ya kwanta ba, ba ta wanda ya dawo ba.

Basakkwace:
Allah shi gafarta Malam, maganar ga ta taɓa mu mutanen Sakkwato. Kafin Nasara su iso, an yi shawara gaban Sarkin Musulmi Attahiru, kuma kawuna sun rabu: wasu sunka ce a yi yaƙi, wasu a yi hijira, wasu a nemi sulhu. Ran 15 ga Maris anka yi karo a Giginya. Da runduna ta watse, masu tsaron tuta sunka ƙi motsawa, sunka tsaya gindinta har anka gama da su. Wanga ba wanda ka musun shi.

Amma Waziri Buhari ya dawo gari. Ya yi shawara da malamai, ya ga in kowa ya tashi, wa za a bar wa raunana da masallatai da makarantu? Ya zauna da Nasara, kuma abin bai bar shi ya yi barci ba, har ya rubuta wa ma'abota ilimi takarda yana bayanin dalilinshi. Ni ban san wanda ya fi ɗaukar nauyi ba tsakanin mai tutar da ya mutu cikin sa'a guda, da dattijon da ya rayu da wanga miki a zuci. Marafa Maiturare ma ya yi yaƙi ranar, ya rayu, ya zama Sarkin Musulmi a 1915.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Ina karanta ku hawaye na zubo mini. Mu nan gaba ɗayanmu jikokin waɗanda suka fita da rai ne. Kakanninmu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, suka bar gonaki da gidaje. A Burmi, 27 ga Yuli, 1903, aka kashe shi tare da mutum fiye da 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno bai kwanta a can ba. Ya tattara sauran jama'a ya ci gaba da tafiya, har aka kafa garinmu a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da ya ce lallai sai ya mutu gefen mahaifinsa, wa zai ja mata da yara su ƙetare wannan doguwar hanya? Ba wanda ya taɓa ce masa magujin yaƙi a nan.

Kuma Injiniya, ba mu kaɗai ba ne. A Karari, kusa da Omdurman, 2 ga Satumba, 1898, Ansar, mabiyan Mahadin Sudan, fiye da dubu goma suka kwanta a safiya ɗaya gaban bindigogin Kitchener, da takubba da masu a hannu. Har yau in an ambaci Karari a nan, murya ƙasa-ƙasa ake yi.

Ɗan Bajoga:
Burmi nan kusa da mu take, a ƙaramar hukumar Funakaye. Wanda ya zo zai ga kabarin Sarkin Musulmi, zai kuma ga na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci harin, wanda kibiya mai dafi ta kashe a ranar. Na je da ɗalibaina bara. Wurin shiru, sai gonaki da iska. Wani yaro ya tambaye ni ina garin yake, na ce masa a kansa kake tsaye.

Tsohon Soja:
'Ya'yana, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ban riƙe takobi ba, amma an harbe ni, na kuma yi harbi. Ina cikin waɗanda suka sauka Monrobiya ta Laberiya a Agustan 1990.

Sadauki, bari in gaya maka abin da ke cikin zuciyar, tunda shi aka tambaya. Tsoro yana nan, kuma ba ya zuwa lokacin da kake zato. Kafin a fara yake zuwa, lokacin jira. Yawu ya ƙafe, harshe ya zama kamar tsumma, ka ji fitsari alhali ba komai a mararka. Wani ya yi ta surutu, wani ya yi ta ɗaure igiyar takalminsa yana kwancewa. Ni Ayatul Kursiyyu nake ja, sai in kai tsakiya in rasa inda nake, in koma farko. Da an fara kuwa, tunani ya ɗauke. Ba ka tuna Aljanna, ba ka tuna matarka, ba ka tuna ƙasa. Abin da aka horar da hannunka shi yake yi da kansa. Abin da ke hana ka tashi ka ruga shi ne na kusa da kai, wanda kuka ci abinci kwano ɗaya da safe. In ya matsa gaba ka matsa, in ya ja baya ka ja.

Shi ya sa ban raina kirari ba, Injiniya. Ba don kunya kaɗai ake yin sa ba. Lokacin jiran nan da ƙafa ke rawa, mutum na bukatar wata murya ta tuna masa ko shi wane ne. Mu waƙa muke yi a mota.

Batun wa ya mutu wa ya dawo kuwa, harsashi ba ya tantance jarumi. Akwai yaron da muke kwance kafaɗa da kafaɗa bayan wani rusasshen gini, ya fi ni zuciya nesa ba kusa ba. Ya ɗago kai ya ce mini in miƙo ruwa, kafin in kwance gorar ya tafi. Taƙi ɗaya ne tsakanina da shi. Shekara talatin da wani abu ke nan, ban taɓa jin na fi shi dabara ba, ban kuma daina tambayar kaina me ya sa shi ba ni ba. Baban Ummi, shirun da kakanka ya yi na shekara hamsin, na san shi.

Hajiya Inna:
Duk kun yi maganar maza. Kakata ta ba ni labarin uwarta, tana amarya lokacin da aka tafi rakiyar Sarki. Ta ce da labari ya zo, mata suka cika ƙofar gida, duk wanda ya ɓullo daga yamma a ruga a tambaye shi. Mijinta bai dawo ba, ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ya ga faɗuwarsa. Ta rasa ma ranar da za ta fara takaba. Gidan da namijinsu ya shigo da ɗingishi, guɗa aka yi. Yaran da suke muku gori, Baban Ummi, da za su tambayi kakarsu wanne ta fi so, da ba su ƙara ba. Allah ya ji ƙansu duka.

Sadaukin Gusau:
Baba Tsohon Soja, Allah ya ƙara girma, na yi shiru a gabanka. Yaya Baban Ummi, in maganata ta sosa maka rai ka yafe ni. Amma har yanzu ina nan a kan abu ɗaya: da ba a sami waɗanda suka ƙi juyawa ba, a Kwatarkwashi da Giginya da Burmi da Haɗeja a 1906, da yau ba mu da bakin cewa ƙwace ƙasar nan aka yi, ba miƙa ta aka yi ba.

Injiniyan Kaduna:
Wannan na yarda da shi. Kalmar ganganci ma na janye ta daga kan mahayan. A kan masu ba da umarni dai tambayata tana nan.

Baban Ummi:
Na gode muku duka, ba wanda ya ɓata mini. Jiya bayan la'asar na je wajen Gwaggo, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi da idonsu, tana 'yar shekara goma sha wani abu ya rasu. Na kai mata takobin. Ta ɗora shi a cinya, ta daɗe tana shafa kuben ba ta ce komai ba.

Ta ce ran hawan sallah, da ya ji tambari, sai ya shige ɗaki ya saki asabari, ba ya fitowa sai gari ya yi shiru. Amma duk shekara in kaka ta yi, zai fito da takobin nan ya zauna a zaure ya goge shi da mai, ya mayar. Sau ɗaya tak ta ji ya yi zancen ranar, shi ma ba da ita yake ba, da wani tsoho ne da ya zo masa daga ƙauye, ita tana kawo musu fura. Ya ce sau uku yana shiga. A na ukun dokin ya faɗi ya danne masa ƙafa. Da ya samu ya zare jikinsa, ƙura ta lafa, sai ya ga mutane na komawa, ya bi su. Ya ce bai san ya yanke shawarar komai ba.

Sai na nuna mata giɓin, na gaya mata abin da Ɗan Maƙera ya ce. Ta girgiza kai. Ta ce ba na Kwatarkwashi ba ne. Ta ji ya gaya wa tsohon nan cewa ranar, takobin na hannunsa tsirara tun safe, amma bai kai ga jikin kowa ba, ko inuwar sojan bai taka ba. Giɓin na basasa ne, lokacin Tukurawa da Yusufawa, shekara goma kafin zuwan Nasara. A kan Kanawa 'yan'uwansa ya yi su. Gwaggo ta ce a ganinta wannan ya fi hana shi barci.

Na dawo da shi gida, yana nan a gabana. Ɗan Maƙera, tsatsa ta fara cin gindin ruwan. Da me zan goge? Kuma giɓin, a kai wa maƙeri ya daidaita, ko a bar shi?

Ɗan Maƙera:
Alhaji, kada magagari ya taɓa shi, kada kuma ka bari a kai shi injin wasa wuƙa, zai cinye tambarin. Ka sami man keken ɗinki da tsumma mai laushi, ka shafa ka bar shi ya kwana, gobe ka goge a hankali daga gindi zuwa baki. Kada ka mayar da shi cikin tsohon kuben, fatar na riƙe laima. Ka naɗe shi daban, kuben daban. Hamilar kuma ka kai wa tsohon baduku, ba yaro ba, ka ce ya ɗinke ta a kan zaren da ya tarar.